Igiyar da Zarami Ya Bari a Bango

Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi

Namiji ne. Alhamdu lillahi. Namiji ne, da gashi cike da kai kamar wanda ya shekara.

Yanzu na sayi wannan kaye, wato littafin rubutu, da bik, wato biro, a bakin gidan likita, a kan gwiwata nake rubutu. Ni Babakura, da na shekara hamsin da biyu ban san harafi ba sai da malamin makarantar dare ya kama hannuna, yau na sami abin rubutawa da ya fi sunana. Kubra, matar ɗana Zarami, ta sauka lafiya bayan sallar asuba. Shekara shida muna jira. Biyu sun zo sun koma tun ba a ga fuskarsu ba. Wannan kuwa da kuka ya zo, har mai shara ta ce daga bakin ƙofa ta jiyo shi.

Matata Zara ta riga ni ɗaukarsa. Ta ce, "Ga sabon maigidana, kai tsoho sai ka nemi wurin zama." Na ce ta bari ya fara kawo cefane tukuna. Zarami yana can gindin bishiya yana kallon takalminsa, wai kunyar ɗan fari. Haka na yi ranar da aka haife shi, kuma ni na yi asara. Yau ba na jin kunyar kowa.

Alhamis, bayan la'asar

Na tafi aiki ina raba dabino a hanya. Gadi nake yi a shantiyen Alhaji Gana, inda ake gina masa gidan haya na huɗu. Shekara talatin ina buga birgin siminti, wato bulo, da bayana ya ƙi sai Alhaji ya ba ni kujera a bakin ƙofa. Zarami ne babban maso, wato magini, a wurin, mutum tara ke aiki a ƙarƙashinsa. Duk sun zo sun yi mini barka. Dije mai shinkafa da wake ta cika mini kwano ta ƙi karɓar komai.

Motar siminti ba ta zo ba yau. An ce gobe.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Yana buɗe ido ɗaya ya bar ɗaya a rufe, kamar mai duba ko bango ya miƙe. Na ce wa Zara wannan maso ne. Ta ce Allah ya kiyaye, lokotoro zai zama, babban likita.

Motar siminti ba ta zo ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, da azahar

Abokina Ɗanmalam, mai ɗebo rairayi daga kogin Komadugu da amalanken jaki, ya tsaya a wurina ya sha ruwa. Ya ce, "Kai da ka yi boko da furfura, me aka rubuta a allunan nan da ake liƙawa a ƙofofi? Tun daga kogi nake ganinsu."

Na ce wasu na haya ne, wasu na sayarwa. Gidajen ƴan furoje ne, ƙungiyoyin agaji masu fararen motoci. Tun da fitina ta koro mutane daga ƙetaren kogi suka cika Diffa da ofisoshinsu, suna biyan hayar shekara a hannu ɗaya. Duk mai ɗan abin hannu sai ya sayi fili ya gina musu. Shekara goma muna cin abinci a bayan wannan. Yanzu an ce an tsuke musu kuɗi daga can ƙasashensu, suna ta ɗaure kaya.

Ɗanmalam ya ce, "To in gidan da aka gama ba mai shiga, wanda ba a gama ba wa ake gina wa?"

Na ce ya je ya tambayi jakinsa, ni suna gare ni ranar Alhamis.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan magariba

Hafiz. Hafiz. Hafiz. Ya yi kyau a rubuce.

Tsakar gida ba wurin aje ƙafa. Surukanmu sun zo daga Assaga a mota guda. Shekara goma ke nan suna zaune can cikin zana da tamfol, tun da suka tsallako kogi da abin da ke jikinsu. Ya Fanna, uwar Kubra, ta aiko a faɗa mini za ta tafi da ƴarta wankan jego sai an yi arba'in. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa, inda maza da mata duk za su ji, na ce, "Ku tafi da ita. Amma ranar da za ta dawo, ɗakin siminti za ta shiga, mai rufin kwanon tol, wanda uban yaro ya gina da hannunsa. Jikana ba zai san ɗigar ruwan sama ba."

Mata suka rangaɗa guɗa. Sanƙira ya ɗauki maganar ya kai ta har bakin titi, ya ƙara mata gishiri. Zarami ya yi murmushi yana kallon ƙasa. Ban tambaye shi ba kafin in faɗa, amma me za a tambaya? Maso ne. Ɗakin ƙasar da suke ciki kuwa, bara kwano uku suke tarawa in ana ruwa.

Yau ban ji ciwon baya ba ko kaɗan.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Alhaji Gana ya zo da kansa. Ya daɗe a cikin mota kafin ya fito. Ya tara mu a inuwar bango, ya ce gidajensa biyu ba kowa tun azumi, mai hayar na ukun kuma ya ce ko a rage masa rabi ko ya tashi.

Ya ce, "Gidan da aka taya bara na ƙi sayarwa, jiya da ƙafata na je wa mutumin. Ya ce ko rabin wancan ba zai bayar ba. In na ƙara buhu ɗaya a bangon nan, a rijiya na jefa shi."

Zarami ya ce, "Alhaji, ko linta mu zuba, kada damina ta same shi a buɗe."

Ya ce, "Bar ta ta same shi."

Ba shi da kuɗi a hannu, sai ya raba musu simintin da ya rage a mangaza, ɗakin ajiyar kaya. Ni ya ce in ci gaba da gadi sai abin da hali ya yi.

Zarami ya hau, ya cire ƙusoshi biyu, ya naɗe igiyarsa a hannu ya sa aljihu. Wanda bai san gini ba ba zai ga komai a nan ba. Igiyar nan ita maso yake miƙewa daga kusurwa zuwa kusurwa, yana jera birgi a bayanta, in sahu ya cika ya ɗaga ta zuwa na gaba. A wurinmu, in maso ya bar igiyarsa a miƙe a bango, yana dawowa ne, kuma ba mason da zai ɗora birgi ɗaya a wurin sai da izininsa. In ya naɗe ta, ya sallama ke nan. Mutum taran nan duk igiyar suke kallo, ba Alhaji ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, da safe

Mun buga birgi a gida da rabon simintin Zarami. Ɗanmalam ya kawo rairayi amalanke huɗu, ya ce na Hafiz ne, in ya girma ya biya jaki. Hannuna bai manta ba. Na jera su sahu sahu a tsakar gida, na fara ba su ruwa. Birgi kamar jinjiri yake, kwana bakwai na farko safe da yamma sai an shayar da shi, in ba haka ba yana bushewa a waje cikinsa gari.

Ƙarin bayani ga Hafiz in ya iya karatu: ɗakinka ne wannan.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Na bi ta gindin bishiyar bakin kasuwa inda ake ɗaukar ma'aikata. Da can kafin rana ta yi zafi an kwashe kowa. Yau na tarar da su a zaune har azahar, masu shebur da masu cokalin gini, sun fi arba'in. In mota ta rage gudu sai su tashi gaba ɗaya, in ta wuce su koma su zauna.

Dije ta daina dafa shinkafa, ta ce wa za ta sayar wa. Mai waldar da ke kusa da mu ya jingina ƙofofi shida a bango, masu su ba su zo ɗauka ba. Mahauci ya ce akuya uku yake yankawa da, yanzu ɗaya ma sai ta kwana. Ɗanmalam yana maganar sayar da jaki ɗaya kafin ciyawa ta cinye shi. Ban taɓa lura da yawan tukwanen da ke kan bangon gida ɗaya ba sai da aka daina gina shi.

Zarami ya zaga gari duka, ya yi waya har Maine. Ko'ina maganar ɗaya ce.

Na tambayi kuɗin tol. Gidaje sun faɗi, shi tol yana nan inda yake.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan magariba

Auwalu direba, mai ɗauko bandar kifi daga wajen Bosso, ya zo ya kira Zarami waje. Sun daɗe a jikin motarsa. Da ya shigo na tambaye shi. Ya ce aiki ne, murhun banda guda huɗu da ɗakin ajiya ake so a gina a wani tsibiri cikin tafki, gaba da Bosso. Kwana goma, kuma abin da za a ba shi ya fi na wata uku a gari.

Na ce, "Tsibirin na wa ne?"

Ya kau da kai ya dubi ƙofa. Ba sai ya amsa ba. Ba wanda bai san masu karɓar haraji a hannun masunta a can ba, da bindiga a kafaɗa. Ba zan rubuta sunansu a kayen da ke da sunan Hafiz ba.

Na ce a rufa ɗakin da zana, in damina ta wuce a sa tol.

Ya ce, "Baba, sanƙira ya faɗa wa unguwa duka tol ne. Har a Assaga ana yi wa Kubra barka." Da dariya ya faɗa. Ni ma na yi dariya.

Ya ce saura kwana ashirin a yi arba'in. Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Abin da na ce ke nan. Ban ce komai bayan wannan ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Zarami ya tafi Assaga bayan masallaci. Ya dawo bai ci tuwo ba.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Jiya da safe da yau mun tayar da ɗakin. Ni ke kwaɓa siminti, shi ke jerawa. Sahu biyar, ya kai ƙirjina. Na daɗe ban tsaya na kalli aikinsa ba. Ba ya gyara birgi sau biyu, sau ɗaya yake aje shi ya buga masa gindin cokali, shi ke nan. Ni na koya masa buga birgi, amma wannan ba ni na koya masa ba.

Mun buga sauran birgin da za a ƙarasa da su. Ya ce, "Kwana bakwai, Baba, safe da yamma. Kafin su gama shan iska na dawo."

Na ce, "Ni za ka koya wa shayar da birgi?"

Bai naɗe igiyar ba. Ya ɗaga ta zuwa sahu na shida ya ɗaure, ya sauko.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Zarami da Auwalu sun tafi bayan asuba. Zara ba ta fito ba.

Na ba birgi ruwa. Ina zagayawa na ga ƙulli a jikin igiyar, kamar kamu ɗaya da ɗan ƙari daga bakinta. Maso ba ya barin ƙulli a igiya, yana ture ta daga jikin birgi. Zarami da ke zagin ma'aikaci a kan abin da bai kai wannan ba. In ya dawo sai na yi masa tsiya.

Talata, 13 ga Mayu, da azahar

Ya yi waya. Ya ce sun isa lafiya, kifi kamar ƙasa, aiki yana tafiya. Muryarsa a daidai take, daidai ƙwarai, kamar mai karanta takarda. Ina jin numfashin wani kusa da shi. Ya ce, "Ya yaron?" Ko a waya ba ya faɗin sunansa. Na ce yaro sai ƙiba. Ya ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba kullum ake samu ba, kada mu damu in mun ji shiru.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Na ba birgi ruwa safe da yamma.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Kwana bakwai sun cika. Na buga ɗaya da ƙarfe, yana ƙara kamar ƙwarya sabuwa. Sun yi.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

Na ba su ruwa. Ƙari ba ya ɓata birgi.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Assaga. Kai, yaron nan! Ya yi kumatu, wuyansa ya yi ninki biyu. Ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki, na ce wa Ya Fanna ta shaida, wannan riƙon cokalin gini ne. Ya yi mini fitsari a babbar riga, na ce ba za a wanke ta ba. Mata suka yi ta dariya. Na yi masa waƙar da nake yi wa ubansa, ashe ban manta ta ba.

Da zan tafi Kubra ta rako ni bakin zana, ta durƙusa ta ce, "Baba, kun ji daga gare shi?"

Na ce jiya ma mun yi waya.

Allah ya gafarta mini. Ya Fanna ta bi ni da ido. Ta ce shekaranjiya sun ji ƙara daga gabas, ba ta hadari ba ce. Ta ce ita ta san bambancinsu.

Laraba, 21 ga Mayu, da magariba

Kwana goma.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Wayarsa wata mata ce take amsawa da Faransanci, magana ɗaya take maimaitawa. Ta Auwalu ma haka.

Na je kasuwar kifi kamar mai saye. Kwana uku banda ba ta shigo ba. Kwalaye a jibge, ba komai ciki. Na tambayi wani dattijo ko hanya ce ta lalace. Ya dube ni ya ce, "Kana da mutum a can?" Na ce a'a, tambaya ce kawai. Ya ce, "To madalla."

Na ba birgi ruwa.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan masallaci

Alhaji Gana ya sayar da gidan yadda yake, ba rufi ba ƙofa. Ya ce abin da aka ba shi bai kai kuɗin ƙarfe da simintin da ke ciki ba. Wani ɗan kasuwa ne ya saya, zai ja tamfol a kai ya riƙa tara buhunan tattasai. Yana da nasa mai gadin.

Alhaji ya ce in tafi da kujerar. Ya ce, "Ina Zarami? Kwana biyu ban gan shi ba." Na ce ya sami aiki a ƙauye. Ya ce, "Ya yi sa'a. Aiki yanzu ai sai mai rabo."

Na ɗauko kujerar a ka har gida. Na aje ta gaban ɗakin.

Lahadi, 25 ga Mayu, da hantsi

Ɗanmalam ya zo da wani maso daga gindin bishiya, ba tare da ya tambaye ni ba. Ya ce, "Babakura, jibi arba'in. Mutumin nan ya ce ko abincin rana aka ba shi zai kai maka bango linta."

Mutumin ya aje jakarsa, ya zaga ɗakin, ya shafa sahu na biyar da tafin hannu. Ya ce, "Hannun Zarami ne wannan." Sai ya ɗaga kai ya ga igiya. Ya ce, "Mai ita ya ce a ɗaga?"

Na ce bai ce ba.

Ya ɗauki jakarsa. Ya ce, "Wallahi Baba, gidana ba a hura wuta ba jiya, amma ba zan taɓa ba. Sai in ya aiko da izini, ko kuwa in an tabbatar..."

Na ce an tabbatar da me? Na ce ya faɗa mini an tabbatar da me. Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga maƙwabta a bakin ƙofa. Ɗanmalam ya ja shi suka fita. Shekara ashirin muna tare ban taɓa yi masa haka ba.

Litinin, 26 ga Mayu, da safe

Ina zuba ruwa Zara ta fito ta tsaya. Ta ce, "Malam, ruwan nan saye ake yi."

Na ce na sani.

Ta ce, "Birgin nan ya ƙoshi tun kwana tara. Me kake shayarwa?"

Na ci gaba da zubawa.

Ta ce, "Shekara talatin da huɗu ban taɓa ce maka ka yi ba daidai ba. Da ka ce masa kada ya je, da bai je ba. Bai taɓa tsallake maganarka ba, shi ya sa ya tafi neman tol."

Ta koma ɗaki. Ba zan rubuta sauran ba. Ba ta ma faɗi saura ba.

Talata, 27 ga Mayu

Arba'in. Ba wanda ya zo, ba wanda muka aika.

Alhamis, 29 ga Mayu, da yamma

Jiya an yi iska mai ƙarfi a Assaga, ta yage tamfol ɗin su Ya Fanna ta tafi da rabin zanar. Yau Kubra ta iso da Hafiz a baya da ƙullin kayanta a ka. Ba guɗa, ba rakiya. Zara ta shigar da su ɗakinta, ni na koma zaure.

Kubra ta tsaya gaban ɗakin da ba rufi ta daɗe. Ba ta tambaye ni zancen waya ba. Ta ce, "Baba, sannu da aiki." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Amma Hafiz yana gidana. Yana gidana. Na ji kukansa ta bango na ce alhamdu lillahi, sai kuma na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Asabar, 31 ga Mayu, da azahar

Auwalu ya zo. Shi kaɗai. Da tol sabo fil a ɗaure a saman mota, da katako, da ƙusoshi a leda.

Ya rame. Ya ƙi shiga, ya ƙi zama. Ya ce Zarami ne ya ba shi kuɗi ya ce ya saya ya kawo.

Na ce, "Yana ina?"

Ya ce, "Yana nan da ransa, Baba. Ranar Talata na gan shi da idona, a bakin ruwa."

Na ce, "To me ya hana shi shiga mota?"

Ya dubi titi hagu da dama. Ya ce, "Ya gama murhun tun kwana takwas. Sun ga aikin ya yi kyau. Sun ce akwai sauran gine-gine a ciki, can gaba. Ba a tambayarsu yaushe."

Na ce ya kai ni. Ya ce shi kansa ba zai sake komawa ba, ko nawa za a ba shi. Sai ya ce, "Ya ba ni saƙo, sau biyu ya maimaita, ni ban gane kansa ba. Ya ce, ka ce wa Baba ya ɗaga igiya."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake.

Suka sauke tol ɗin shi da Ɗanmalam, wanda ban san lokacin da ya zo ba. Rana tana dukansa yana ƙyalli har cikin ɗakin Zara. Na ce a rufe shi da tabarma.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma

Ban taɓa komai ba. Ban ba birgi ruwa ba. Na zauna a kujerar Alhaji tun safe.

Maso ba ya ba da izinin bangonsa in yana ganin zai dawo kafin ruwa.

Gabas ta yi baƙi da la'asar, sai iska ta watsa.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan magariba

Da asuba rufin ɗakin Zara ya zubo da ƙasa kusa da inda yaron yake kwance. Tun ba a yi ruwa ba ke nan. Na aika a kira Ɗanmalam. Ya zo bai ce mini komai a kan ranar nan ba, ya cire riga ya fara kwaɓa siminti.

Na hau kan ganga na kwance igiyar, don ta saki a kwana ashirin da biyun nan, sai an sake ja. Na kama ƙullin nan zan warware shi. Kubra tana shanya, ta ce, "Baba, don Allah a bar shi."

Na ce ƙulli yana karkatar da sahu.

Ta ce, "Ranar Juma'ar da ya zo Assaga, ya jira Inna ta fita. Bai ɗauki yaron ba, kunya. Sai ya fito da igiyar nan daga aljihu, ya auna shi daga kai zuwa ƙafa, ya ƙulla. Ya ce in ya dawo zai ga nawa ya ƙaru."

Na sauko. Na ce ta kawo shi. Ta shimfiɗa shi a tabarma, Zara ta riƙe bakin igiya a kansa, ni na ja zuwa ƙafa. Yana ta harbin iska, sai da Kubra ta miƙe masa gwiwa. Ya wuce ƙullin ubansa da yatsa uku. Yatsa uku cikin kwana ashirin da huɗu! Na yi dariya har Ɗanmalam ya leƙo. Zara ta juya mana baya.

Na yi ƙulli na biyu a inda ƙafarsa ta kai.

Mun yi sahu uku kafin bayana ya tsayar da ni. Nawa sun ɗan karkace. Duk mai ido zai ga inda hannun Zarami ya tsaya da inda nawa ya fara. Ɗanmalam ya ce ba komai, shafe zai rufe. Na ce ba za a yi wa bangon nan shafe ba.

Gobe linta, in Allah ya kai mu, tol kuma kafin Layya. Na ɗaga igiyar zuwa sahu na tara na ɗaure. Zara ta ce in naɗe ta in shigo da ita, hadari ya haɗo daga wajen tafki, za ta jiƙe.

Na ce ta jiƙe. A miƙe zai same ta.